Daga Gafaka Zuwa Salula: Tarihin Rumbunan Manga da Darasinsu ga Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Jiratawa gari ne na manoma a bakin Gulbin Maraɗi, ƴan kilomitoci kudu da birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa. An fi saninsa da fadamar noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980, da kuma zogalen da yake cika kasuwannin jihar da shi. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ba ya bukatar dogon bayani a kan rumbu. Ya san wanda ya gina shi, ya san wanda ke da ikon buɗe shi, ya kuma san cewa ba a barin irin shuka a hannun baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Sai dai a shekarun nan wani sabon kaya ya shigo garin, da Tsibiri, da unguwannin Maraɗi, wanda ba a cika tambayar inda rumbunsa yake ba. Kayan kuwa su ne littattafan labari cikin zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga, da ɗaliban kwaleji da na lise ke karantawa a wayar salula, galibi da Faransanci, suna tura wa junansu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin hanyoyin da aka bi wajen ajiye fayilolin manga da yaɗa su ta intanet tun daga ƙarshen shekarun 1990, domin a ga waɗanda suka ɗore da waɗanda suka rushe, da abin da ya rusa su. Tarihin zai nuna cewa kowane fayil cikin rumbun wani yake zaune, kuma ranar da mai rumbu ya rufe ƙofa, ko hukuma ta rufe masa, abin da ke ciki ya salwanta ke nan. Batun ya shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye, musamman tun daga watan Maris na 2025 da kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, domin tambayar za ta dawo kan littattafan zane na Hausa: a ina za a ajiye su, kuma wa zai riƙe makulli?

Kwafi da aro a ƙasar Hausa

A zamanin da aka kafa Maraɗi da Tsibiri, wato rabin farko na ƙarni na 19, babu maɗaba'a ko ɗaya a ƙasar Hausa. Duk littafin da ya yaɗu, da hannu ya yaɗu. Ɗalibi kan ari littafi wajen malaminsa, ya sayi takarda, sau da yawa irin ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, ya dafa tawada, ya fiƙe alƙalami, ya zauna makonni ko watanni yana kwafa. Idan ya kammala sai ya rubuta sunansa a ƙarshe tare da roƙon addu'a, ya tattara warƙoƙin cikin tadarishi, ya sa a gafaka. Abubuwa biyu ne suka raya wannan tsari. Na farko shi ne yawan kwafi, ta yadda in gara ta ci na Katsina, akwai na Agadas. Na biyu shi ne sanin asali: an san mawallafi, an san mai kwafi, kuma mai son karantar da littafi sai ya nemi ijaza daga wanda ya karance shi a gaban malami. Albarkacin wannan al'ada ne sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya samu dubban littattafan da yake adanawa, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa.

Zuwan maɗaba'a bai kashe al'adar aro ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwannin Kano da ƙananan littattafai, kayan kan biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su iso Maraɗi, inda kwafi ɗaya kan zagaya gidaje da yawa ta hanyar haya ko aro har bangonsa ya yage. Ta ɓangaren zane kuwa, yaran da suka yi makarantar boko a Nijar kafin shekarar 2000 sun san mujallar Kouakou, wadda aka riƙa bugawa a Paris daga 1966 da tallafin ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, ana raba ta a makarantu da cibiyoyin al'adu na ƙasashen Afirka. Ta daina fitowa a 1998, shekarar da Faransa ta yanke shawarar narkar da waccan ma'aikata cikin ta harkokin waje. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa abin da iyayensu suka karanta zai sha wahala kafin ya haɗa ko da ƴan lambobi daga cikinta, domin rumbun mujallar ba a nan yake ba tun farko.

Asalin manga da hanyar da ya biyo

Kalmar manga ta shahara ne da kundin zane-zanen Hokusai, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1814, amma mangan da aka sani yanzu ɗan bayan yaƙin duniya na biyu ne. Tezuka Osamu, wanda ya fara fitar da Tetsuwan Atomu a 1952, shi ya kafa salon dogon labari mai tafiya kamar fim a kan takarda. A waɗannan shekaru talauci ya yi wa Japan katutu, yara ba su iya sayen littafi, saboda haka shagunan haya ne suka raini manga, kamar yadda haya ta raini littattafan soyayya a Kano da Maraɗi. Daga baya mujallun mako-mako suka karɓe fage. Shonen Jump, da kamfanin Shueisha ya kafa a 1968, ta kai ga buga kwafi miliyan 6 da dubu 530 na fitowa guda a 1995. A cikinta ne Dragon Ball na Toriyama Akira ya fara fita a 1984, One Piece na Oda Eiichiro a 1997, Naruto na Kishimoto Masashi a 1999. Ana buga mujallar a kan takarda mai araha, a karanta a yar, sannan a tattara babobin kowane labari a fitar da su juzu'i-juzu'i domin ajiya.

Ta Faransa ne manga ya samu harshen da ya kawo shi Nijar. Tashar Antenne 2 ta fara nuna Goldorak a watan Yuli na 1978, shirin Club Dorothée ya cika gidaje da zanen Japan mai motsi daga 1987 zuwa 1997, kamfanin Glénat kuma ya buga Akira da Faransanci a 1990, Dragon Ball a 1993. Haka Faransa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan. To amma juzu'i guda a can kan kai kimanin yuro 7, wato sama da jika 4 da rabi na sefa, kuma One Piece kaɗai ya wuce juzu'i 100 tun 2021. Ke nan mai son haɗa shi duka sai ya tanadi abin da ya haura jika 450, ban da kuɗin dako, alhali babu kantin da ke sayar da shi a kusa. Wannan tazara tsakanin sha'awa da aljihu ita ce ta haifi kasuwar fayil, a Jiratawa da ma sauran duniya.

Rumbunan farko

A ƙarshen shekarun 1990 ne ƙananan ƙungiyoyin masu sha'awa suka fara aikin da Faransawa ke kira scantrad. Ɗaya ya sayi mujallar a Japan ya ɗauki hoton shafukanta da sikana, wani ya fassara, wani ya goge rubutun Japananci daga cikin kumfar magana, wani ya zuba sabon rubutu. Sai a ƙunshe hotunan cikin fayil guda, galibi ZIP, ko CBZ wanda shi ma ZIP ne da aka sake wa suna. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin farko suna da ƙa'idar janye aikinsu da zarar wani kamfani ya sayi izinin buga labarin a harshensu, ko da yake wannan ƙa'ida ba ta halatta aikin a gaban doka ba.

Rumbunsu na farko shi ne filin kyauta da kamfanoni ke bayarwa, irin na GeoCities, da kuma ɗakunan hira na IRC, inda kwamfutar wani ɗan ƙungiya kan kwana a kunne tana miƙa fayil ga duk wanda ya nema. Filin kyauta ƙarami ne, kuma na mai shi ne. Kamfanin Yahoo, wanda ya sayi GeoCities a 1999, ya rufe shi ranar 26 ga Oktoba 2009, miliyoyin shafuka suka ɓace in ban da abin da wasu ƴan sa-kai suka yi gaggawar kwashewa.

Hanya ta biyu ita ce BitTorrent, da Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001. A nan babu rumbu guda: ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowane mai saukewa yana karɓa daga wasu yana kuma miƙa wa wasu. Tsarin ya yi kama da kwafin almajirai, domin yawan masu riƙe da abu shi ne ransa. Rauninsa kuma a nan yake. Labarin da ake yayi yana da dubban masu miƙawa, wanda aka daina yayi kuwa yakan wayi gari babu ko mutum ɗaya da ke riƙe da cikakkensa. Bugu da ƙari, tsarin na bukatar kwamfuta a kunne da layin intanet marar yankewa, abin da bai dace da wanda ke biyan kuɗin sa'a guda a shagon intanet na Maraɗi a shekarun 2000 ba.

Zamanin manyan rumbuna da rushewarsu

Hanya ta uku ce ta fi karɓuwa a wancan lokaci, wato kamfanonin ajiyar fayil irin su RapidShare, da aka kafa a 2002, da Megaupload na 2005. Mutum ya ɗora fayil, a ba shi adireshi, ya raba wa wanda ya so. Mai saukewa kyauta sai ya jira, mai biyan kuɗin wata kuma ya wuce kai tsaye. Ranar 19 ga Janairu 2012 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe Megaupload bisa zargin satar fasaha, aka kama mai shi, Kim Dotcom, a ƙasar New Zealand. Abin lura shi ne rufewar ba ta tantance halal da haram ba. Wanda ya ajiye fim ɗin sata da wanda ya ajiye hotunan aikinsa ko kundin digirinsa duk ƙofa ɗaya aka rufe musu, kuma a 2013 wani kamfanin Holand da ke ba Megaupload hayar manyan kwamfutocin ajiya ya goge abin da ke cikin guda 630 daga cikinsu. RapidShare ya yi ƙoƙarin gyara hali, masu hulɗa suka watse, shi ma ya rufe ranar 31 ga Maris 2015.

Hanya ta huɗu ta kawar da saukewar gaba ɗaya. Wasu dandali suka riƙa tattara aikin ƙungiyoyin scantrad, su jera shi shafi-shafi, a karanta nan take, su kuma su ci kuɗin talla. Nan ne abin ya tashi daga sha'awa ya koma kasuwanci, inda mai zane bai samu ko dala ba, mai fassarar sa-kai ma haka. One Manga, wanda ya fi kowanne girma a zamaninsa, ya janye kayansa a watan Yuli na 2010, bayan kamfanonin ɗab'i na Japan da Amurka sun haɗa kai sun yi barazanar zuwa kotu. A cikin Japan kanta, Mangamura ya ɓace a watan Afrilu na 2018. An kama mai gudanar da shi a Manila a 2019, kotun Fukuoka ta ɗaure shi shekara 3 a 2021, sannan a Afrilu 2024 kotun Tokyo ta umarce shi ya biya kamfanonin Shueisha da Shogakukan da Kadokawa diyyar yen biliyan 1 da miliyan 700. Tun 1 ga Janairu 2021 dokar Japan ta haramta wa mai karatu ma sauke mangan da ya san na sata ne. Ko MangaDex, da aka kafa a 2018 da niyyar mutunta ƙungiyoyin fassara, ya kwashe ɗimbin labarai a watan Mayu na 2025 sakamakon ƙorafin masu haƙƙi. Shekara 15 ke nan ana maimaita abu guda: rumbu ya cika, ya yi suna, sunan ya jawo masa ido, a rufe shi.

Rumbun halal da iyakarsa

Kada a ɗauka cewa hanyar halal ta kuɓuta daga wannan ciwo. A 2011 gamayyar kamfanonin Japan ta buɗe JManga domin sayar da fassarar Ingilishi bisa doka. Ba a ba mai saye fayil ba, damar karantawa kawai aka sayar masa, don haka da aka rufe dandalin a watan Mayu na 2013, littattafan da mutane suka biya kuɗinsu suka tafi tare da shi. Shueisha ya sake salo a watan Janairu na 2019 da MANGA Plus, wanda ke fitar da sabon babi kyauta a ranar da ya fito a Japan, aka kuma ƙara masa Faransanci a 2021. Ga ɗalibin Tsibiri ko na Jiratawa wannan ita ce ƙofa mafi tsabta, domin ba ya cutar da mai zane, ba ya kuma jawo wa wayarsa tallace-tallacen batsa da na caca da suka cika dandalin sata. Amma a yawancin labarai babobi ukun farko da ukun ƙarshe ne ke buɗe ga kowa a kowane lokaci, kuma taga ce ta leƙe, ba a fita da komai. Tana bukatar layi da caji. Jama'ar jihar Maraɗi sun san darajar waɗannan biyu tun watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai Maris 2024. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Rumbun aljihu

Hanyar da ta fi aiki a ƙasar Hausa ba ta cikin waɗanda aka lissafa. Tun da wayar salula ta bazu a Nijar daga farkon shekarun 2000, sannan katin memori ya yi araha, fayil ya koma tafiya daga hannu zuwa hannu: da Bluetooth da farko, daga baya da Xender, ko a rumfar masu cajin waya da tura fina-finai da waƙoƙi. Juzu'in manga guda kan ci megabait 50 zuwa sama da 100, wato katin gigabait 32 na iya ɗaukar ɗaruruwan juzu'ai. Mutum ɗaya ne ke kashe kuɗin intanet, aji guda ya karanta. A kan wannan aka ƙara zaurukan WhatsApp da Telegram, da aljihun Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Wannan tsohuwar al'adar aro ce cikin sabuwar riga, sai dai ta riƙe rabin gadon ne kawai. Yawan kwafi yana nan, sanin asali ya ɓace. Fayil kan iso babu sunan mai zane, babu na mai fassara, wani lokacin babobi a hargitse, kuma da waya ta faɗa ruwa ko kati ya lalace, ɗakin karatun ya ƙare.

Marubutan Hausa sun ɗanɗani ɗacin wannan tsari da kansu. Da kasuwar littafin takarda ta ja baya a Kano, da yawa daga cikinsu, musamman mata, suka koma fitar da labari babi-babi a Wattpad da zaurukan WhatsApp na kuɗi, inda ba a daɗewa sai wani ya fitar da labarin waje kyauta. Waɗanda suka nemi mafaka a OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na Nijeriya da aka kafa a 2013, sun wayi gari da sanarwar rufe shi a ƙarshen Nuwamba 2023. Kukan mai zane a Tokyo da na marubuciya a Kano ko Maraɗi iri ɗaya ne, kuma malamin da ya koya wa ɗalibi raina haƙƙin na farko ya koya masa raina haƙƙin ta biyu. Doka ma ba ta bambanta su ba. Nijar tana cikin yarjejeniyar Bern tun 1962, tana cikin ta Bangi ta 1977 da ta kafa hukumar OAPI, tana da dokar haƙƙin mawallafi ta 2010, da hukumar BNDA mai kula da shi. A ƙarƙashin waɗannan, fassara kanta haƙƙin mawallafi ce, ba a yin ta don yaɗawa sai da yardarsa.

Abin da ya rage ga makaranta da ƙungiya

Idan aka auna hanyoyin nan da tambayoyi huɗu, wato wa ke da rumbun, wa ke biyan kuɗinsa, da izinin wa aka zuba kayan, kuma me zai rage in an rufe, za a ga cewa ƙungiyar al'adu ba ta da riba a neman inda za ta ɓoye mangan sata. Ribarta tana cikin gina nata rumbun, da kayan da take da ikon zubawa.

Irin waɗannan kaya kuwa akwai su. Tun ranar 15 ga Satumba 2012, mai zane Sato Shuho ya sakar wa duniya mangansa mai suna Burakku Jakku ni Yoroshiku, labarin wani matashin likita da matsalolin asibitocin Japan, ya yarda a kwafa, a fassara, a yaɗa. Labari ne na manya da ya fi dacewa da ajin ƙarshe na lise. Bafaranshe David Revoy yana fitar da Pepper&Carrot tun 2014 bisa lasisin Creative Commons, wanda ya halatta fassara da bugawa muddin an ambaci sunansa, har ma yana bayar da fayilolin asali domin a sauya rubutun cikin sauƙi. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu yana da littattafan yara masu hoto bisa irin wannan lasisi, cikinsu har da na Hausa. Ajin da ya fassara babi guda daga Faransanci zuwa Hausa ya yi darasin harsuna biyu a zama ɗaya, ya kuma koyi abin da ke da wuya a fassarar zane, wato matse magana ta shiga ƴar kumfa, da nemo amsa-amon Hausa irin su tim da fau da ƙwal a madadin na Japananci.

Sama da wannan akwai kayan gida. Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen zane: Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, da ayyuka irin su Bon voyage Sim na 1966, kuma a 2024 aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Nijar da Faransa da ke Yamai sunansa. Ɗaliban da ke kwaikwayon fuskar Naruto a bayan littafin lissafi su ne za su iya zana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko tarihin ƙaurar Gobirawa zuwa Tsibiri a 1836, ko ambaliyar 1945 da ta sa aka mayar da Maraɗi kan tudu. Irin wannan aiki ne ya fi bukatar ajiya, domin One Piece yana da kwafi sama da miliyan 500 a duniya, zanen ɗan kwalejin Jiratawa kuwa kwafinsa ɗaya ne.

Game da yadda za a ajiye, masana adana bayanai sun daɗe da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. Ga ƙungiya a nan, kwafin farko shi ne na gida, a kan faifan ajiya ko ƴar kwamfuta mai raba fayil ta wifi ba tare da intanet ba, irin tsarin da manhajar Kiwix ke amfani da shi wajen kai Wikipedia inda babu layi. Na biyu a damƙa shi ga wata ƙungiya ko ɗakin karatu, alal misali a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko a Damagaram. Na uku a ɗora shi a rumbun jama'a irin Internet Archive, da aka kafa a 1996, ko Wikimedia Commons idan mai zane ya amince da lasisin sakewa. Ko waɗannan ba a dogara da su su kaɗai, domin Internet Archive ya yi kwanaki a rufe a watan Oktoba na 2024 sakamakon harin masu kutse. A zaɓi siffar fayil da kowace na'ura ke buɗewa, kamar PDF da CBZ, a rubuta sunan mai zane da na mai fassara da shekara da sharaɗin izini a cikin shafin farko na fayil ɗin kansa, kamar yadda mai kwafin da yake rubuta nasa a ƙarshen littafi. Zanen asali na takarda kuma a adana shi nesa da gara da laima. WhatsApp da Telegram hanyoyin rabawa ne, kamar jaki ne da ke kai kaya kasuwa, ba a mayar da shi rumbu.

Kammalawa

Daga GeoCities zuwa OkadaBooks, wannan maƙala ta bi rumbuna iri-iri, na sata da na halal, na kyauta da na kuɗi, ta tarar cewa kowanne yana da ranar rufewa da mai ajiya ba shi ne ke yanke ta ba. Abin da ya tsira a tarihi shi ne wanda aka yawaita kwafinsa, aka san asalinsa, aka kuma samu jama'ar da ta ɗauki nauyinsa. Mutanen Jiratawa sun san wannan tsari daga fadamarsu, inda famfo da magudana ke ci gaba da aiki muddin akwai ƙungiya, da kuɗin ruwa da kowa ke biya, da wanda aka ɗora wa alhakin gyara. Haka kuma kakanninsu suka san rumbun tsimi, wanda ake cikawa da kaka domin bazara. Ƙaramin rumbun littattafan zane na Hausa ba ya bukatar fiye da haka: malami ɗaya mai kula da rajista, ƴan jikkuna a shekara domin sabunta faifai, da yarjejeniya a rubuce da kowane mai zane. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni. Allah ya sa malamai da ƙungiyoyin jihar Maraɗi su fara ginin tun hatsin yana gona.